Ranar da Bappayo Ya Duba Haƙoran Kwamfuta

"Wallahi daga Azare har Katagum, ku haɗa da Misau kyauta, babu ƙwaƙwalwar kwamfutar da zan ɗora a tafin hannuna ban faɗi ƙarfinta ba. Ba sai an kunna ba!"

Bappayo ke nan, ɗan gwaggona, taubashina, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da an yanka ko zakara ba. Gyara zama, mai karatu, ka ji yadda ya tashi aurensa da hannunsa.

Mahaifinsa dillalin raguna ne a kasuwar Azare. Tun Bappayo yana ƙarami aikinsa ke nan: ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya matsa gadon baya, ya ɗaga shi ya ji nauyi. Sai ya tafi Kano ya yi damina ɗaya a shagon wani mai gyaran kwamfuta, inda na ji an ce babban aikinsa sayo shinkafa da wake. Ya dawo da tabarau marar magani, da sukundireba a aljihun gaba, da wata tsohuwar furosesa naɗe a hankici. Furosesa, in ba ka sani ba, ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tasa ta zamanin Fentiyom na farko ce, mai faɗi kamar biskit, mai nauyi, ƙasanta cike da ƙananan ƙusoshi masu ruwan zinare. Haƙora yake kiransu. A majalisa yakan warware hankicin a hankali kamar mai nuna jariri ranar suna.

To, wannan sarkin cika baki ya kamu da son ƙawata Kaltum, 'yar Alhaji Umara, mutanen Borno da suka daɗe a unguwarmu. Abin mamaki, ita ma tana sonsa. Ta ce idan yana magana duniya takan yi mata kamar mai sauƙi. Ni kuwa ba na iya ganin mutum biyu suna son juna ban shiga tsakiya da saƙo ba.

Alhaji Umara sharaɗinsa ɗaya ne: babu mai turo magabata gidansa sai ya ga sana'arsa da idonsa. A shekarar 2007 ya gina shago a jikin zauren gidansa, na buga takardu da kalandar biki, ya yo odar sabuwar kwamfuta daga Dubai. Ya ce Bappayo ya zo ranar buɗe shago ya haɗa ta a gaban jama'a. In ta tashi, shi zai riƙe shagon, kuma ya turo manyansa.

Kaltum ta ba ni saƙo: "Ki ce masa don Allah don Annabi ya jona wayoyi kawai ya danna maɓalli. Kada ya ƙara komai."

Na isar. Ya kalle ni ta saman tabarau. "Asma'u, jona waya ai aikin masu cajin batir ne. Ni injiniya ne."

Ranar Asabar da hantsi shago ya cika. Ga liman, ga 'yan kasuwa abokan Alhaji, ga masu acaɓa da suka ji ƙamshin waina. Yakaka, mahaifiyar Alhaji, ta sa an shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure. Ni da Kaltum muna bayan labule, wai muna zuba zoɓo.

Bappayo ya shigo cikin shadda mai sitati har tana ƙara. Ya fito da kwamfutar daga kwali, ya jona wayoyi, komai daidai. Kaltum ta sauke ajiyar zuciya. Yatsansa ya kai kan maɓalli, sai ya tsaya. Ya dubi jama'a. Ya ga babu wanda ya yi mamaki.

"Alhaji, ko rago ba a karɓa sai an buɗe bakinsa. Bari mu ga abin da suka sayar maka."

Kaltum ta damƙe hannuna har zoɓo ya zube.

Ya kwance murfin. A ciki ga wata 'yar fanka zaune a kan ƙarfe mai tsaga-tsaga.

"Kun gani?" in ji shi. "Tun yanzu an fara. Wa ake yi wa fifita in ba marar lafiya ba?"

Masu acaɓa suka gyaɗa kai. Ya ɓamɓare fankar ya ajiye gefe. A ƙarƙashinta ga sabuwar furosesa, 'yar ƙarama, an shafe bayanta da wani abu mai toka-toka kamar man goge baki. Daga baya na ji ashe shi ke taimaka mata fitar da zafi. Bappayo ya yatsine fuska.

"Ko wanka ba su yi mata ba."

Ya goge ta tas da gefen babbar rigar wani bawan Allah da ke kusa. Sannan ya ciro ta, ya warware hankicinsa, ya ɗora tsohuwa a dama, sabuwa a hagu, yana auna su kamar mai sayen doya.

"Malam Liman, kai ne mai gaskiya. Riƙe ka ji. Wacce ta fi nauyi?"

Liman ya riƙe. "To, wannan ta hankicin."

"Wacce ta fi faɗi?"

"Ita dai."

"Allahu Akbar! Yanzu a duba baki."

Ya kifa su. Tasa haƙora reras, suna walƙiya. Ta Dubai kuwa sumul, sai ɗige-ɗige, babu ko ƙusa ɗaya.

"Inna lillahi! Alhaji, tsohuwar tunkiya suka ba ka! Ko dasashi ba ta da shi!"

Alhaji Umara ya yi gyaran murya. "Amma wanda ya sayar min ya ce ita ce ta bana. Wai ƙwaƙwalwa biyu ce a haɗe."

"Biyu? A wannan ƙwayar maganin? Alhaji, ni kaina guda ce da ni, dubi girman kaina."

Yakaka ta ɗaga murya daga tabarma, don ka san Barebari da Fulani ba sa raga wa juna. "Kai Bafillatanin daji, wa ya kai ka cikin ƙarfen Turawa? Ka koma ka tatsi nagge!"

Aka kwashe da dariya. Bappayo ya ce, "Yakaka, ki bari ki ga aiki, yau za ki yi wa ubangidanki guɗa."

Ya leƙa gurbin da ya ciro sabuwar. Sai ya ga ƙananan ƙusoshi a tsaitsaye, cunkus, sirara kamar gashin goshin jariri. Su sababbin haka ake yin su, ƙusoshin suna jikin gurbin ne, ƙwaƙwalwar ta zauna a kai. Amma ɗan dillali ya ga abin da ya gani.

"Jama'a ku matso! Ga haƙoran nan, a hanya suka zube! Jijjigar jirgi ce."

Ya ari hantsaki wurin wani mai gyaran agogo da ke cikin jama'a, ya shiga tsince su. Waɗanda suka ƙi fita ya kankare da sukundireba, ya hure, ya kakkaɓe a tafin hannu ya miƙa wa Alhaji. "Ajiye shaida."

Kaltum ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Asma'u, je ki hana shi."

"In ratsa maza in ce me?"

Yanzu saura dasa tsohuwa. Ya ɗora ta a gurbi, ta ƙi shiga, ta fi ramin faɗi ta kowane ɓangare. Ya juya ta gabas, ya juya ta yamma. Ya danna da babban yatsa, haƙoran zinare suka fara lanƙwashewa suna ƙas-ƙas.

"Lafiya kuwa?" in ji Alhaji.

"Lafiya ce ta yi mata yawa. Ƙosasshiya ce, turken ne ƙarami."

Ya sa wani ɗan acaɓa ya yanko masa robar tsohuwar tayar babur, ya ɗaure ta tamau, har da ƙulli biyu. Gumi ya jiƙa shadda, sitati ya mutu, tabarau yana zamewa. Aka tayar da janareta.

"Malam Liman, a yi bisimilla. Yau za ku ga gudu."

Ya danna maɓalli.

Gilashin kwamfuta baƙi ƙirin. Ya sake dannawa. Sai muka ji ɗas, kamar an taka ƙwaro, wani siririn hayaƙi ya taso, shago ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

"Tana ɗumama jiki ne," in ji Bappayo.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Injiniya, babur ɗina ma da ya yi irin wannan ɗumin, a kafaɗa na kai shi gida."

Nan fa ido ya raina fata. Ya kwance robar da sauri, ya mayar da ta Dubai, ya mayar da fanka a karkace, ya danna, ya danna, har da ɗan mari a gefe. Shiru. Ina za ta zauna, bayan ƙusoshin da za ta hau suna tafin hannun Alhaji?

Liman da aka gayyato addu'ar buɗe shago ya ɗaga hannu ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce, "Allah ya ba mu haƙurin rashi." Jama'a suka ce amin. Yakaka ta rangaɗa guɗar da Bappayo ya ce za ta yi masa.

Wallahi da ni ce, da ta taga zan fita. Amma Bappayo ya tsaya har mutane suka ragu, ya gyara hula, ya durƙusa gaban Alhaji. Muna jin komai ta bayan labule, Kaltum ta cusa mayafi a baki.

"Alhaji, ka dai ga irin binciken da na yi, ba kowa zai gano wannan cutar ba. To, maganar turo su Baffa fa? Jibi ya yi?"

Alhaji Umara ya kalli tarin ƙusoshin da ke hannunsa. Sannan ya kama hannun Bappayo, ya juye masa su a ciki, ya rufe masa yatsu a hankali.

"Ɗana, wannan baiwar Allah daga Dubai ta zo, lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi ba, ka fasa mata kai ka kwashe abin da ke ciki. To ranar da Kaltum ta ce maka kanta yana ciwo fa?"