Yadda Za Ka Canza Mutum da Metafor, Ko da Kawunka Ne

Ka zo inda ya dace. Idan ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci babu kan da ba za ka juya ba a Yamai, daga Tondibia har Saga. Mai taurin kai zai yi laushi, matsoraci zai miƙe, surukinka ma zai fara cewa kana da gaskiya. Ni ne Koci Bala mai gyaran halin mutane, na unguwar Dar es Salam, kuma ba da ka nake wannan magana ba. Na yi formasiyo, wato horo, ta kwana uku cur a wani otel mai sanyi, aka ba ni atestasiyo, takardar shaida mai hatimi biyu, tana nan rataye a falo sama da talabijin. Na kuma gwada ilimin a kan mutum mai rai, wato kawuna Maman, kuma da shi zan riƙa nuna maka hanya.

Kawu Maman ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Maradi da ya shekara arba'in yana noman shinkafa a Saga, ya auri Bazabarma, har Hausarsa ta jiƙe da Zabarmanci. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dishi-dishi. Likita ya ba shi randebu, wato ya sa masa ranar Alhamis, don a yi masa aiki, ya kuma ce in aka ƙara jinkiri idon dama ba zai dawo ba. Kawu ya ce ba inda za shi. Ɗiyarsa Salima, taubashiyata, malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke zaune tare da shi, ta kira ni ranar Asabar ta ce tunda na zama mai gyaran mutane, in zo in gyara mata ubanta kafin Alhamis. Yadda ta ja kalmar "Koci" a waya bai yi mini daɗi ba, amma ƙwararre ba ya kula irin wannan.

Mataki na 1: Ka daina cewa "misali"

Misali kakarka ma tana yi, tana zaune tana tsinkar zogale, kuma ba wanda ya taɓa ba ta atestasiyo. Malamin unguwa yana yi kullum bayan la'asar. Kai abin da kake yi sunansa metafor. In wani ya matsa maka da tambayar bambancinsu, ka yi murmushi ka ce sai wanda ya shiga formasiyo. Tsakanina da kai, babu wani bambanci, sai dai shi metafor ana yin sa da riga mai kwala, kuma ana ɗan lumshe ido kafin a fara.

Ka riƙe wannan: duk abin da mutum ya gane nan take, ba ya ganin girmansa. Saboda haka ka yi ta zagaye.

Mataki na 2: Kada ka kuskura ka tambayi mutum abin da ke damunsa

Wannan kuskuren ƴan koyo ne. In ka tambaya zai faɗa maka, in ya faɗa maka kuma dole ka saurara, rabin yini ya tafi a banza. Kai ka gama sanin damuwarsa tun kana cikin taksi. Ni ban sauka a Saga ba sai da na gano cewa ciwon Kawu tsoron wuƙar likita ne, ba wani abu ba.

Na isa ranar Lahadi da hantsi, na tarar da shi a ƙarƙashin rumfa bisa tabarma, rediyo na gefensa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya har da akuyar da muka yanka bara. Muna cikin haka Salima ta gitta tsakar gida ɗauke da ƙwarya, sanye da wani tsohon zane shuɗi na mahaifiyarta, marigayiya Aisa, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Kawu ya bar maganata a tsakiya, ya bi ta da kai har ta shige madafa. Ta sake fitowa, ya sake bi. Na zaro karne ɗina, ɗan littafin aljihu, da biro na rubuta: "Rashin natsuwa." Ka riƙa rubuta irin wannan, yana sa mutanen gida su ga ana aiki.

Mataki na 3: Ka ɗauko metafor daga duniyar mutumin

An koya mana cewa manomi a yi masa da gona, direba a yi masa da hanya. Kawu rayuwarsa duk a bakin kogi ya yi ta, don haka na lumshe ido, na sassauta murya, na ce masa shi kwalekwale ne da aka ɗaure a gaɓa, ga tsallake can yana kiran sa, igiya kawai ta hana.

Har na fara jin daɗi. Sai ya ce, "Wane wata?"

Na ce wata kuma na me.

"In Janairu ne, ruwa ya cika, ba mahaukacin da zai kwance jirgi bai duba iska ba. In Mayu ne, mi za a yi da jirgi? Wando za ka naɗe ka taka."

Daga nan ya kwashe awa guda yana koya mini irin ƙullin da ake yi wa igiyar jirgi, da inda dorina ke kwana, da sunan wani masunci da ya nutse tun ban fara rarrafe ba. Darasin shi ne ka ɗauko daga duniyar mutum, amma ban da abin da ya fi ka sani. In ka duba ka ga ya fi ka sanin komai na duniyarsa, kada ka damu, haka suke duka.

Mataki na 4: In metafor ya faɗi, ka ce yana aiki a ƙarƙashin ƙasa

Metafor ba ya faɗuwa, ka cire wannan a ranka. Da Salima ta rako ni bakin ƙofa ta tambaye ni yaya aiki, na ce mata an shuka, yanzu yana tsiro a can cikin zuciyarsa inda shi kansa bai sani ba. Ta ce to Allah ya sa ya nuna kafin Alhamis, don likita ba ya jiran kaka.

Litinin na koma da sabo. Na ce masa idonsa parabris ne na mota, gilashin gaba da laka ta ɓata, injin lafiya lau, gogewa kawai ake bukata. Kawu ya ce shi bai taɓa mallakar mota ba, amma ya ga ana wanke ta, kuma da tsumma ake yi. In tsumma ne, in kawo mu gwada yanzu. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin wanda ya goge gilashin motarsa da aska. Daga madafa na ji wani sauti kamar mutum ya ƙware da fura, na yi kamar ban ji ba.

Mataki na 5: Ka ba tsoron jiki, sannan ka tura mutumin ya yaƙe shi

Wannan ita ce dabarar da aka fi tafa mata a otel. Ka mayar da tsoro wani ƙato da ke zaune a gidan mutum, sai mutumin ya tashi ya kore shi. Talata na miƙe tsaye don abin ya yi armashi, na nuna gefen tabarma, na ce wa Kawu ga Tsoro nan zaune kusa da shi, ya daɗe yana cin tuwon gidan nan, yau ranar da za a kai masa hari ce.

Abin da malaminmu na formasiyo bai faɗa mana ba, don shi daga waje aka kawo shi, shi ne a bakin Zabarmawa hari ruwa ne. Kawu ya san duka biyun sarai, ya dai zaɓi wanda ya yi masa.

"Salima," ya ce, "kawo hari. Bala ya zo da baƙo, wai shi Tsoro, ƙishirwa shike ji."

Ta kawo kofi biyu. Ta miƙa mini ɗaya, ta durƙusa ta ajiye ɗayan a gefen tabarma inda ba kowa, ta ce wa baƙon sannu da zuwa. Na shanye nawa. Da na ga zafi ya yi yawa, na shanye na Tsoro ma. In haka ta same ka, ka rubuta a karne cewa iyalin sun shiga cikin metafor da jikinsu, wanda alama ce mai kyau.

Mataki na 6: Ka ba da labarin wani, kada ya gane shi ne

Wannan ita ce babbar sanda. Ka ƙirƙiro mutum mai irin matsalarsa, ka ba da labarin kamar hira, saƙon ya shige ta bayan gida. Laraba da safe na ce wa Kawu akwai wani manomi a Tondibia, dattijon kirki mai taurin kai, ido ya fara rufe masa amma ya ƙi zuwa asibiti.

Ban kai ga inda manomin zai yi nadama ba, Kawu ya gyara zama ya ce ai abokinsa Tanimu ne. Na ce ba Tanimu ba ne. Ya ce manomi, dattijo, mai taurin kai, a Tondibia, in ba Tanimu ba wane ne? Ya sa aka kira masa Tanimun a waya nan take don ya yi masa jaje. Kafin azahar ƴaƴan Tanimu biyu sun kira ni suna neman sanin wanda ya ba ni izinin makantar da ubansu, wanda a lokacin yake zaune yana zura zare a allura yana ɗinkin buhu.

Saboda haka ka kai mutuminka gari mai nisa. Ko da yake in da mutumin Maradi kake magana, ba garin da ba shi da aboki.

Mataki na 7: Ka kiyayi masu magana kai tsaye

Su ne abokan gabar wannan sana'a, kuma kowane gida akwai ɗaya. Bayan la'asar na ranar Laraba na shirya metafor mafi kyau da na taɓa ƙerawa, na ɗan tsako da ke tsoron fasa ƙwai. Na lumshe ido ke nan Salima ta zo ta zauna bakin tabarma, ba gafara ba komai, ta yi tambayar da na hana ka yi a mataki na biyu.

"Baba, mi kake tsoro?"

Ya kashe rediyo.

"Ba wuƙa ba ce," ya ce. "In kin gitta cikin gidan nan da zanen nan, uwarki nike gani. Tahiyarku ɗaya. In lokotoro ya wanke idon, ta tahi ke nan."

Salima ta dubi zanen da ke jikinta. Muryarta ba ta ɗaga ba.

"To ni hwa, Baba? Shekara ukku ina dama maka hura, ina share maka ɗaki. Ashe ko sau ɗaya ba ni ka gani ba."

Ba zan ɓoye maka ba, na ji kunya, kuma na ji tausayinsu su biyun. Na nemi wani abu da zan kwatanta wannan da shi, ban samu ba. Kawu ya laluba har ya kamo hannunta, ya riƙe. Can sai ya tambaya randebun ƙarfe nawa ne.

Alhamis aka yi aikin. Juma'a da aka cire masa bandeji ina tsaye a wurin, Salima na gabansa da atamfarta ta zuwa lakwal. Ya dube ta ya daɗe, kamar mai duba dashen shinkafa.

"Salima," ya ce. "Ashe har kin yi hurhura nan gaba, ban sani ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Sannan ya juyo kaina ya ce ni kuma na yi tumbi.

Kada ka bari irin wannan ya girgiza maka imani da sana'a. A fahimtata, kwalekwale da parabris ne suka yi laushin ƙasa, Salima ta zo ta tsinci abin da na shuka. Kawu da kansa yana faɗa wa kowa a Saga cewa Bala ne ya kai shi asibiti, don da ya ji saura metafor uku a karne, ya ga gara wuƙa. Na sa an buga rabin farko na maganar a katina na talla.

A kula

Koci Bala ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da matakan nan, ko da an bi su daidai, musamman ma in an bi su daidai. Ba ruwana in an shayar da metafor ɗinka ruwa, ko in ƴaƴan wani sun zo ƙofar gidanka neman ba'asi. Ba ruwana in wata a gidan ta yi tambaya ɗaya ta samu abin da ka kwana huɗu kana zagayawa. Duk mai ƙorafi ya tafi otel ya nemi wanda ya sa hatimi.

Shafin ranar Lahadi yana nan a karne ɗina, inda na ga tsoho yana bin matarsa da ido na rubuta "Rashin natsuwa." Na so in yage shi. Salima ta ce a'a, in sa masa gilashi in rataye shi kusa da atestasiyo.