Yadda Ake Mayar da Firji Taron Bita

Kai da ka buɗe ƙungiyar agaji a Amman, ka kama ofis a saman shagon mai falafel, ƙosan Larabawa, ka buga tambari mai hannaye biyu riƙe da ganye, amma har yau ko dinari ɗaya bai faɗo ba, share hawayenka. Ni Ustaz Mu'ayyad, a kan rubuta takardun neman tallafi gashin kaina ya zube. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kafin a kaɗe zaitun na bana kana bayan mota mai sanyi, direba yana buɗe maka ƙofa.

1. Nemo mai buƙata ta gaske

Kar ka ƙirƙiro matsala, wannan aikin 'yan koyo ne. Matsala tana nan kyauta, hau hanyar kudu kawai. Ni tawa a wani ƙauye bayan Karak na tsinto ta: Ummu Ghassan, shugabar matan da ke haɗa madarar tumakinsu suna yin cuku, suna kai wa wani mai shago a gari. Buƙatarsu guda ce, babban firji. In zafi ya shigo babu firji madara za ta lalace, mai shago ya koma wajen wasu, su kuma sai sayar da tumakin.

"Shi ke nan, Hajja?" na tambaye ta.

"Shi ke nan, ɗana. Firji. Ko tsoho ne, in dai yana sanyi."

Ka ji irin maganar da ke kashe takarda. Gajeriya ce, kuma kowa ya gane ta.

2. Wanke buƙatar da Turanci

Firji ana ganinsa, ana taɓa shi, in bai zo ba har makaho zai sani. Kai kuwa abin da kake nema shi ne wanda ba mai iya cewa bai zo ba. Rubuta: "ƙarfafa juriyar matan karkara ta hanyar haɗin gwiwa mai ɗorewa." In ka karanta ka gane abin da ake nufi, goge ka sake.

Sannan leƙa abin da masu ba da tallafi suke yayi bana. In sauyin yanayi ne, tumakin nan sauyin yanayi ke damunsu. In zaman lafiya ne, cukun nan shi ya hana ƙauyuka biyu yanka juna. Abokiyar aikina Rula ta taɓa samo mana kuɗin wayar da kan matasa da hoton wani tsoho mai kiwon zuma.

3. Sa firjin a layin ƙarshe

A kasafi fara da albashinka, sai haya, sai mota, sai masani daga waje wanda zai zo ya tambayi matan abin da suka sani, ya rubuta, ya tafi da shi. Firji kuwa can ƙasa. Masu tallafi suna son su soke wani abu, shi ke sa su ji sun yi aiki, to ka ba su abin sokewa da ba naka ba. Za su rubuto cewa ƙa'idarsu ba ta yarda da sayen kayan aiki ba, sai dai horo. Ka amsa da "mun fahimta, mun gode." Kar ka kira ƙauye. Me zai sa ka ɓata wa tsohuwa rai a waya?

4. Horar da su

Kwashe matan a bas ka kai su otal a Akaba, inda kuɗin kwanansu kaɗai zai sayi firjin har da canji. Kar ka yi wannan lissafin, yana sa ciwon kai. Raba musu manyan takardu su zana bishiyar matsala: saiwa ita ce dalili, rassa su ne sakamako.

Na zo kan Ummu Ghassan na ga akwati ta zana.

"Hajja, bishiya aka ce."

"To ga ta can baya, ɗana. Firjin ne ya tare ta."

Ranar rufewa kowa ta samu jaka mai tambari da takardar shaida. Ta juya tata gaba da baya.

"Ustaz, wannan wane shago ake kai ta a karɓo?"

"A bango ake rataye ta, Hajja."

"Bangon ma ya gode."

5. Ranar ziyara, raba tsohuwa da gahawa

Wannan matakin ka karanta shi sau biyu. Wata rana masu tallafi za su turo wakilinsu ya ga aiki da idonsa. Mu Madam Annelise aka turo mana, mace mai kirki, kuma kirkin nan shi ne haɗarin. Muka kafa tanti a ƙauyen, muka sa aka dafa mansaf, shinkafa da naman rago, muka zaunar da ita a mazaunin mai masauki. Matan suka shigo a matsayin baƙinmu, ko da yake ƙauyensu ne.

Aka zuba gahawa. Ummu Ghassan ta karɓi kofinta, ta dubi Madam, ta ajiye shi a ƙasa ba ta kurɓa ba.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san baƙon da ya ajiye kofinsa da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai mai masauki ya ce masa ya sha, wato buƙatar ta biya. Dattawa ke yin haka wajen neman aure ko sulhun jini. Ban taɓa ganin an yi shi saboda firji ba.

"Me ya sa ba ta sha ba?" in ji Madam.

"Jira take ta huce," na ce.

Kafin in rufe baki Madam ta durƙusa, ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta miƙa mata. Da ɗan Larabcin da ta haddace a jirgi ta ce, "Sha, Mama. Sha gahawarki."

Guɗa ta tashi har tumaki suka razana. Ummu Ghassan ta shanye tas, ta ɗaga kofin sama.

"Kun dai ji da kunnenku! Allah ya rufa miki asiri, 'yata."

"Murnar me suke yi?" in ji Madam, idonta har da ƙwalla.

"Tsarin haɗin gwiwar ne ya yi musu daɗi."

Ta rubuta. In haka ta same ka, kar ka gyara komai, yafito mai hoto kawai. Hoton nan shi ne yanzu a bangon rahotonsu na shekara.

6. In zafi ya shigo

Adana lambar tsohuwar da sunan "Kar a ɗauka". Rubuta rahoto ka ce juriyar matan ta ƙaru, ba ƙarya ka yi ba, wallahi sun jure. Madara ta tsinke, mai shago ya koma sayen na kamfani, tumaki suka fara bin hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Kar ka karaya, albishir ne. A da suna rukunin "masu ƙaramin ƙarfi", yanzu sun faɗo "masu matsanancin rauni", kuma asusun wannan rukunin ya fi kauri nesa ba kusa ba. Kunna kwamfuta ka fara rubuta kashi na biyu.

Ban da ni a ciki

Duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, kai da Ubangijinka. In aka daina gaishe ka daga Karak zuwa kudu, ko aka riƙa ambatar sunan mahaifinka a majalisa ana girgiza kai, kar ka ce ni na aike ka. Ba ni na ce ta sha ba, ni tafinta ne kawai.

Haka nan babu ruwana da kiran da zai shigo ta wayar maƙwabta. Makon jiya Rula ta ɗauki irinsa, ina jin muryar tsohuwar daga teburina.

"'Yata, ki gaya wa Ustaz kar ya sa damuwa a ransa, mun san abin Turawa da jinkiri, amma ai an ce in sha, na sha. Mun share wurin, mun ja wayar lantarki. Saura tunkiya biyu, su kam ba zan sayar ba, kar firjin ya zo ya tarar babu abin sa masa."

Rula ta ajiye wayar, ta shiga banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Ni dai tun ranar da ta fara aiki na gaya mata kar ta ɗauki lambar da ba ta sani ba. Kai ma ga shi na gaya maka.