Buzun Ragon Ardo

Sunan malamin da ya koya mini boko ya ɓace mini, amma buzun ragon Ardo Ja'e, wannan kam ba zan taɓa mantawa da shi ba. Kuma tun yanzu ku sani: an zalunce ni. Da hannuna a ciki, na yarda, amma an zalunce ni.

Zamanin Bature ne, sojojin Bama ba su daɗe da dawowa ba. Na yi aji uku a elemantare (jikokina su daina dariya, aji ukun lokacin ba wasa ba ne), aka ɗauke ni gwajin aikin malamin duba fatu a Haɗeja. In na yi wata shida ba laifi, a tabbatar da ni, a ba ni keke. Keke fa! Har na zaɓi inda zan riƙa jingine shi a ƙofar gidanmu.

Aikina in zaga kasuwanni da rugagen fadamar Auyo ina wa'azin ƙazuwa. Na haddace shi tsaf: wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, ya haƙa rami a fatar dabba ya yi ƙwai, gashi ya zube, dabba ta rame. Mutum in ya cuɗanya da ita, shi ma ya kwasa. Fatar da ta kamu kuwa, sai wuta. (Tsakanina da ku, ni ma ban taɓa ganin ƙwaron ba, ban kuma yarda da shi sosai ba.)

Saura sati biyu in cika wata shidan, na kama wani dattijon makiyayi, Ardo Ja'e, a kasuwar Auyo da ɗanyar fatar rago. Fara sol, sai baƙin ɗigo a gindin wutsiya, da ɗan ɓawon ƙazuwa a wuya.

"Baba Ardo, wannan ta wuta ce."

"Ɗana, tabon ko tafin hannu bai kai ba."

"Doka ba ta san tafin hannu ba, Baba."

Na naɗe ta na shiga kwale-kwale. Kafin mu tsallaka, zuciya ta raya mini: malami guda, ba buzun zama? Na yanke wurin tabon, na shanya ta a inuwa, yadda ofis ya koya mana, wai rana tana lalata fata. Wa ya gaya mini inuwa mai sanyi ita ce daɗin ƙwaron? Ba wanda ya gaya mini! Ban ma jira ta gama bushewa ba na haye.

Kwana uku na fara susa. Hannu, ciki, da wurin da dattijo ba ya ambata a takarda.

Ana haka Baturen likitan dabbobi ya iso daga Kano da madubin nan mai ƙara girman abu, zai nuna wa makiyaya ƙwaron ido da ido. Aka taru a gindin tsamiya, ni ne tafinta. Don a san matsayina, na shimfiɗa buzuna kusa da teburinsa na harɗe, ina susa da gwiwar hannu cikin dabara.

Bature ya ce a kawo akuya mai ƙazuwa. Ba a samu ko ɗaya ba. Ashe tun da safe makiyaya sun tsallakar da awaki marasa lafiyar zuwa hayin kogi, don tsoron kada a yanka. Bature ya yi jawur. Sai Ardo Ja'e ya miƙe, ya dogara sandarsa.

"Malam, gaya masa ba sai an tsallaka kogi ba. Ragona na nan ƙarƙashinka."

Na juya na ce wa Bature Ardo yana yi masa barka da zuwa. Ashe mutumin yana ɗan jin Hausa! (Wannan ma wani zalunci ne. Mai jin Hausa me zai yi da tafinta?) Ya dube ni ya ce, "Tashi."

Ardo ya ɗaga buzun sama, ya nuna baƙin ɗigon, ya zura hannu ta inda na yanke. Bature ya kankari gefen ramin da 'yar wuƙa, ya sa a madubi, ya leƙa, ya yi murmushi. Jama'a suka yi layi.

"Kai!" in ji Ardo da ya leƙa. "Har da ƙafafu! Malam, zo ka gaisa da baƙinka."

Na leƙa. Ga shi nan kuwa, ƙulelen abu kamar ɗan kunkuru, yana motsi abinsa, ko kunya babu.

Ban gama farfaɗowa ba Bature ya sa na naɗe hannun riga, ya ɗaga hannuna mai ƙuraje, ya yi magana, ya ce in fassara. Da bakina na faɗa: "Ku dubi wannan mutum. Haka ƙazuwa ke barin dabba ta kama wanda ba ya jin magana."

"Ƙara murya, ɗana," in ji Ardo. "Na baya ba su ji ba."

Na ƙara.

Aka ƙone buzun a gabana. Aka shafe ni da farar wuta haɗe da man gyaɗa, ina warin ruɓaɓɓen ƙwai. Washegari makiyaya suka dawo da awakinsu da kansu, aka shafa musu magani a ƙwarya ɗaya da wadda aka shafa mini. Abin da wa'azina na wata biyar da rabi ya kasa, ƙurajena suka yi shi a wuni ɗaya. Da adalci, ai keke biyu ya kamata a ba ni. Sai aka sallame ni, wani ya hau kekena, kullum sai ya kaɗa ƙararrawa a ƙofar gidanmu.

Abin da na koya? Abin da ido ba ya gani, kada ka zauna a kansa don gwaji. In kuma zuciya ta rinjaye ka, to, don Allah kada ka shimfiɗa shi a gaban mai rago.