Buhun Yashin Kaka Vendelin

"...lafiya lau, tsohon miji. Haƙoranka fa, sun kwana a baki ko a kofi?"

Radka ke nan da kakanta Vendelin, ana jibi Kirsimeti, za su gari da baho sayo kifi mai rai. Ni maƙwabci na laɓe a kujerar baya, don motar injinta a baya yake, can ɗumi yake. Shekaru tsohon ya yi a layin jiran mota kafin a sayar masa da ita. Yanzu idonsa ya yi rauni, Radka ke tuƙa shi, amma ana tsayawa yake karɓe makullinsa.

"Ja mu, uwar surutu. Marigayiya kakarki ma da ta fi ki kyau ba ta raina ni ba."

Muna gangaro dutse, kwalta duk ƙanƙara, kwazazzabo a dama, sai hancin motar ya fara yawo. Ta murɗa sitiyari hagu, mota ta ci gaba da tafiyarta miƙe.

"Kaka, ina buhun yashin da ke but ɗin gaba?"

"Kalli hanya."

"Ina buhun?"

"To baho a kaina zan ɗora? Kifin a aljihu za ki zuba shi?"

"Ka cire nauyin gaba, a wannan sanyin, ka sa baho babu ko ɗigon ruwa! Na shiga uku da mijin nan!"

"Kar ki taɓa birki! Radka, kar ki taɓa!"

"Muryar wa nake ji tana rawa? Ba kai ka kori kyarkeci da takalmi ba?"

"Sanyi ne, marar kunya. Giya ta biyu!"

"In mun faɗa, ni zan gaya wa kakata kai ka kawo mu!"

"Ki bari, da kaina zan gaya mata!"

Ni dai na runtse ido. Na ji ɗuwawun motar ya juya, sannan muka nutse cikin tudun dusar ƙanƙara a gefen dutse. Da na buɗe ido, tayar baya ɗaya na leƙen rami.

Radka ta kasa sakin sitiyari.

"Fita ka shiga but ɗin," ta ce wa kakan. "Tumbinka ya fi buhu biyu."

Ya fita ya durƙusa yana tono duwatsu da hannu, yana cika bahon, har yatsunsa suka fashe. Da nauyin nan muka lallaɓa har kasuwa.

Ta zare makulli ta miƙa masa kamar kullum. Ya dube shi, ya naɗe mata yatsu a kai.

"Riƙe. Sadakinki ne."

Ta share ido da gefen safar hannu.

"Har da buhun yashin, tsoho. In babu shi, babu aure."