Ranar da Sallau ya raba kundi

A Tungar Rimi akwai wani magidanci, Sallau, mai mata ɗaya, Kande, da 'ya'ya biyu. Mutum ne mai biyayya ƙwarai: abin da ka faɗa shi zai yi, ba abin da kake nufi ba. Da noma ya ƙi shi, sai Kande ta roƙi yayanta Nafi'u ya ɗauke shi aiki a shagonsa na kwamfuta. Nafi'u ya yarda, don a lokacin bai san irin arzikin da ya samu ba.

Wata rana Malama Hansatu, mai koyarwa a firamare, ta kawo kundin digirinta a tura wa malaminta kafin Juma'a, in ba haka ba sai baɗi. Nafi'u ya gwada, ya ƙi tafiya. Ya ce, "Fayil ɗin ya yi nauyi." Da ya fita salla, Sallau ya sungumi kwamfutar ya kai wa mai awon hatsi, ya dawo yana haki.

"Yaya, ƙarya take yi maka. Ko tiya biyu ba ta kai ba."

"Sannu da bincike," in ji Nafi'u.

Wata rana kuma Nafi'u ya rubuta 'yar manhajar da za ta yanka kundin gunduwa-gunduwa, kowane babi daban. Ya ce gobe za a yi yankan. Da sassafe sai ga Sallau da mahauci, wuƙa a wase, yana tambayar ina alƙibla. Malama Hansatu ta dafe ƙirji.

"Wannan ne mataimakin naka? Lallai digirina yana hannu nagari."

Wata rana, wato Alhamis, ɗaurin aure ya kama Nafi'u a wani gari. Ya nuna wa Sallau inda zai danna.

"Danna nan kawai, za ta fitar da shi kashi-kashi. Ka tabbata ka raba shi kafin in dawo."

Sallau ya danna, babuka suka fito a jere. Sai ya tuna an ce ya raba. Ya tsaya bakin shago yana kiran masu wucewa. Mai shayi ya miƙo waya, aka tura masa babi na ɗaya. Mai faci ya samu na biyu. Ungozoma ta ce ita ma ba za a bar ta ba, aka ba ta na huɗu.

Da la'asar wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, ta mutu. Malama Hansatu ba ta da kwafi a ko'ina. Ta zauna a ƙasa tana salati, aikin shekaru ya tafi. Nafi'u ya iso ya riƙe kai.

"Kai Sallau, ka ma raba shi kuwa?"

"Tas, Yaya. Kowa ya samu."

Aka bi gari waya-waya ana karɓa. Mai shayi ya mayar da nasa, har da shawarar a rage Turanci. Kafin magariba kundi ya haɗu, saura shafi ɗaya, na godiya.

Sallau ya dafe aljihun da wayarsa take.

"Wannan rabona ne. Tun da na zo shagon nan ba wanda ya taɓa yi mini ita."