Yadda Za Ka Mayar da Ciyawar Surukinka Dajin Abinci

Kai da bayanka ya ƙage saboda tura injin yankan ciyawa duk Asabar, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin shekara uku za ka zura hannu ta taga ka tsinko gwanda. Ni na yi, ga ni kuma da raina.

Gidan da nake ciki na surukina ne, tsohon ma'aikacin awon filaye. Ya ba mu zama bisa sharaɗi ɗaya: ciyawar gaban gida kada ta wuce inci biyu. Duk Asabar sai ya zo da rula a aljihu. Ranar da ta wuce haka, mu kwashe komatsanmu.

1. Nemo hujja

Kada ka ce ka gaji, ka ce tausayin duniya kake ji. Tambayi matarka, "Shekara nawa muna shayar da ciyawar nan, ta taɓa ba mu ko tumatir ɗaya?" Tawa cewa ta yi, "Kai dai ka ce ƙiwuya." Kada ka tanka. Masana ba sa amsa irin wannan.

2. Fara daga lungu

Dasa mangwaro ɗaya a kusurwa. In surukinka ya gani, ka fi shi mamaki. Na ce, "Baba, da kansa ya fito!" Ya ce, "Da kansa kuma ya ɗaure kansa a jikin sanda?" Na ce, "Ikon Allah, Baba." Babu dattijon da zai ja da wannan.

3. Kashe ciyawa da kwali

Ba a tone ta. Lulluɓe ta ake yi da kwali, a zuba taki da busasshen ganye, har ta mutu don rashin rana. Kwali zai ƙare maka, sai ka roƙo a shagon masu sayar da firji. Maƙwabta za su ga ka shigo da kwalin firji goma sha ɗaya, su fara gaishe ka da hannu biyu. Karɓi abinka, ba kai ka ce su yi ba.

4. Shuka hawa-hawa

Mangwaro a sama, gwaiba da lemo a ƙarƙashinsa, ayaba a tsakani, dankali a ƙasa, kabewa ta yi yaɗo. Littafi ya ce a bar taku goma tsakanin bishiyoyi, amma bai faɗi takun wa ba. Ni da na kaza na auna.

5. Jure wa nasara

Kabewa za ta haɗiye motarka. Mai kawo wasiƙa ya shigo mana ranar Talata, bai fito ba sai Alhamis, har ya yi kumatu. Matarka za ta kira ka a waya daga wajen shanya ka yi mata kwatancen ɗaki. Yi mata, kada ka yi dariya.

6. Ci gardama

Baba bai fasa zuwa ba. Ya auna ciyawar da ta rage lokacin tana faɗin tabarma, ya auna lokacin tana faɗin faranti. Wata Asabar ya ratso ayaba, ya durƙusa, ya duba ko'ina, ko ƙwara ɗaya babu. Na gyara murya na ce, "Baba, cewa ka yi kada ta wuce inci biyu. Babu ai ba ta wuce biyu ba."

Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya mayar da rula aljihu. "Gaskiyarka. Gida naku ne." Ya fita, ko shayinsa bai sha ba.

Asabar ta zagayo bai zo ba. Ta gaba ma haka. Matata ta ɗauke kofinsa daga tebur, ta dube ni. "Kai a tunaninka ciyawa ce ke kawo shi? Tun rasuwar Mama, ka taɓa jin ya iya cewa ya yi kewarmu? Da rular nan yake faɗa."

Wallahi kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina, ga daji kuwa har daji.

7. Sayo ciyawa

Sare ayaba uku. Dasa ciyawa faɗin tabarma, ka bar ta ta kai inci huɗu, sannan ka ɗaga waya: "Baba, abin nan ya fi ƙarfina." Nawa surukin cikin minti ashirin ya iso, yana faɗa tun daga ƙofa. Ban taɓa ganin mutum yana zazzaga masifa fuskarsa na walƙiya haka ba. Ranar shayi kofi uku ya sha.

Inji ba zai ratsa dajin ba. Tanadi almakashi.

Gargaɗi

In motarka ta ɓace, ko biri ya tare a gwaibarka, ko surukinka ba irin nawa ba ne ya watso maka kaya waje, ba ruwana, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Mai ƙorafi kada ya neme ni ranar Asabar. Ina durƙushe ina aske ciyawa, Baba na tsaye a kaina yana cewa ban iya ba.