Funkaso Huɗu a Aljihun Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara kai gaisuwa gidan surukaina a Maiyama ba, wata biyu bayan aurenmu da Hauwa'u. Amma bari in fara gaya muku halin da cikina yake ciki, don shi ne ya jawo komai.

Na shekara da shekaru ina shan maganin olsa, sai daga baya likita ya gano cewa hanjina ne ba ya shiri da alkama. Burodi, taliya, cincin, alkaki, duk abin da fulawa ta taɓa ya haramta gare ni. In na kuskura na ci ko loma ɗaya, ciki ya kumbura kamar ganga, in kwana uku ina zarya tsakanin ɗaki da bayi. Tun da na bari na samu lafiya, har na yi kumatu. A Jega kuwa, inda nake zaune, duk mai sayar da abinci ta san ni, don ba na zama sai na tambaya ko an sa fulawa a ɗanwake. (Wata ta taɓa ce mini in tafi gida in dafa da kaina, kuma gaskiyarta.)

To, ranar nan na sha babbar riga fara ƙal, na goya amarya a babur muka tafi. Ita ta shige ciki, ni aka ajiye ni a ɗakin zaure ni kaɗai, tunda suruki ba ya cin abinci a gaban surukai. Can sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, da kwanuka. Na buɗe: funkaso huɗu manya, sun sha mai, ga miyar taushe da naman rago.

"Inna da kanta tay yi maka shi," in ji Gwaggo. "Tun asuba take tsaye. A cinye, kar a rage komi."

Na zauna ina lissafi. In na ci, akwai hanyar Jega a gabana, a kan babur, cikin farar riga. In na mayar da kwano yadda yake, an ce sabon suruki ya raina girkin uwar matarsa. Hauwa'u kuwa na san ba ta faɗa ba, don kunya ba za ta bar ta ta yi wa mahaifiyarta zancen miji ba, balle zancen hanjinsa.

Sai wata dabara ta zo mini, har na ji ina yaba wa kaina. Na shanye miya, na cinye nama, na ɗauki funkaso ɗaya bayan ɗaya na zura a aljihun gaban riga. Gwaggo ta dawo ta ga kwano fes, ta yi ta sa mini albarka.

Aka ce in shigo in gaida Inna. Tsakar gida cike da mata, maƙwabta sun zo ganin ango. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai ƙasa sosai don a san na samu tarbiyya. Na ɗaga hannun riga zan saɓa a kafaɗa, sai funkaso na farko ya faɗo. Ya gangara a hankali, bai tsaya ba sai a bakin tabarmar Inna. Na kai hannu in tare aljihu, sauran ukun suka biyo shi.

Mata duk suka zuba wa funkason ido. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Gwaggo ce ta fara magana. "Ashe daɗinai ya kai a yi guzuri? A ƙulle mishi sauran duka, shi tahi da shi."

Na hango ana ɗauko babbar roba. A nan na ga ƙarya ta ƙare, na faɗi gaskiya kaina a ƙasa, har da zancen kumburi.

Inna ba ta dube ni ba, 'yarta ta duba. "Ke, mi ya hana ki hwaɗi? Har kasuwar Jega na aika aka sawo alkamar ga, wai kar a ce mun ba ɗan birni tuwon dawa. Ga gero nan cike da rumbu."

Sai ta fashe da dariya har da hawaye, mata suka taya ta. Ta dama mini fura da hannunta da kindirmo mai sanyi, na shanye ƙwarya guda ina jin daɗi har cikin raina. Tun daga ranar, in za mu zo, masar shinkafa ake yi, kuma Inna ba ta yarda a soya ta a kaskon da fulawa ta taɓa.

Yanzu duk inda aka gayyace ni, tun daga bakin ƙofa nake sanar da ciwona, don kunyar faɗa ta minti ɗaya ce. Tawa kuwa yau shekara huɗu ke nan, duk sunan da aka yi a gidan sai an ba da labarin, kuma a bakin Gwaggo funkason ya kai goma sha biyu.